Maɓuɓɓugar Harod: in za ku Isra'ila, ku ce a sa muku ita a jerin ziyara

Yawancin masu shirya ziyarar ibada sukan kai mutane Nazarat da Tekun Galili su wuce da su Urushalima. Kamfanin da ya kai ayarinmu ya tsaya da mu a wurin shaƙatawa na Ma'ayan Harod, wato maɓuɓɓugar Harod, gindin Dutsen Gilbowa, cikin kwarin Yezireyel, kuma kuɗin shigar bai tafi a banza ba.

Hukumar kula da gandun daji ta Isra'ila ce ke riƙe da wurin. Yana da tsabta, ga ciyawa shimfiɗe, ga inuwar itatuwan turare. Ruwan yana fitowa daga wani ƙaramin kogo da ake kira kogon Gidiyon (shugaban yaƙin Isra'ilawa a Littafi Mai Tsarki), garai-garai, ya bi magudana mara zurfi. Akwai wurin iyo, don haka da zafi iyalai kan cika wurin da hayaniya. Mai son natsuwa ya yi sammako.

Abin da ya fi kama ni aikin ɗan jagoranmu ne. Ya buɗe Littafin Mahukunta sura 7, ya juya mu arewa, ya nuna mana tudun More inda Madayanawa, abokan gāban Isra'ilawa, suka yi sansani. Ga shi can, ido na gani ƙarara! A nan na gane dalilin da mutum 22,000 cikin mayaƙan Gidiyon 32,000 suka koma gida da aka ce mai jin tsoro ya tafi, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Sauran 10,000 aka gwada su wajen shan ruwa, aka bar 300 kacal su fuskanci rundunar da sura 8 ta nuna ta kai 135,000.

Ya daɗe a kan Gidiyon kansa. Mutumin nan yana jin tsoro, har sai da ya lallaɓa da dare shi da baransa Fura, ya ji wani a sansanin abokan gāba yana ba da labarin mafarkin gurasar sha'ir da ta rushe alfarwa. Sai ya yi sujada, ya dawo ya raba mutanensa kashi uku, kowa da ƙaho da tulu da jiniyar wuta a ciki, ya ce su dube shi su yi abin da ya yi. Shi ya shiga gaba. Mutanen kuma kowa ya tsaya a inda aka ajiye shi, Madayanawa suka ruɗe suna saran juna. Shugabannin ikilisiya da ke cikinmu sun yi ta tattauna wannan har cikin mota.

Ƙorafina ɗaya: an gaggauta mu, ba mu samu mun yi addu'a a tsanake ba, ba mu kuma hau mun ga gidan Yehoshua Hankin, mutumin da ya sayi filayen kwarin, da ke saman kogon ba. Ku daidaita da kamfaninku tun daga gida a ba ku aƙalla awa biyu, ku kuma tafi da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannu.