Motar Rimot Ta Jan Nauyi: Wacce Za Ka Saya, Wacce Za Ka Bar Wa Masu Ita

Duk wanda ya tsaya kallonmu ran Lahadi bayan la'asar, a ɗan filin da muke haɗuwa ta wajen Hanwa a Zariya, tambayarsa ta farko ba ta canzawa: "Malam, wannan gudun kilomita nawa take yi?" In na ce masa ba ta gudu, sai ya yi dariya, a zatonsa zolaya ce. To ba zolaya ba ce. Wanda ya shiga kasuwa da wannan tambayar a bakinsa, ya riga ya sayi motar da ba za ta yi masa aiki ba tun kafin ya ciro kuɗi.

Wasan asalinsa na manoman Amurka ne. Da dawaki suka fara gasar jan nauyi, kamar dai a ce masu shanun huɗa su yi musun bijimin wa ya fi ƙarfi, daga baya suka koma tarakta. A 1969 aka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, NTPA. A can tsawon fili ƙafa 300 ne, mu kuwa da yake motocinmu kashi ɗaya cikin goma ne na girman na gaske, ƙafa 30 muke aunawa, mita 9 da 'yan kai. Abin da ake ja wata tirela ce mai mugun hali. Bayanta tayoyi, gabanta faranti ne da ke gogar ƙasa, a samanta kuma akwai akwatin nauyi. Da farko akwatin yana kan tayoyi, sai ka ji jan ba wuya. Kana tafiya yana matsowa gaba, yana danne farantin a ƙasa, har motar ta kafe tana tonon rami. Wanda ya fi nisa shi ya ci. Ke nan ƙarfin juya taya kake nema, da tayar da ke kama ƙasa, da kayan wutar da ba za su narke ba a daƙiƙa goman ƙarshe, lokacin da inji ke zuƙar wuta kamar ba gobe.

Bari in sallami waɗanda ba su da wurin zama tukuna. Motocin yara na kantunan Sabon Gari, masu fitila da kiɗa, saya wa ɗanka ya ji daɗi. Ƙananan WLtoys irin 144001 tsere aka yi su dominsa, ba su da nauyi, giyarsu ta gudu ce. Traxxas Slash, wadda ta fito a 2008, mota ce mai kyau, amma ta tsalle da watsa ƙura ce, kafin ka mayar da ita ta ja ka sake kashe kuɗin wata motar. Masu injin mai kuwa, in ka san inda za ka riƙa samun man nitro a Zariya, Allah ya ba da sa'a.

Masu hawan duwatsu, irin Axial SCX10 da Traxxas TRX-4, su ne suka cancanci a ɗan tsaya. Giyarsu ta ƙarfi ce, a SCX10 tayoyin kowane aksil a kulle suke suna juyawa tare, TRX-4 kuma daga rimot kake kulle su. Matsalarsu laushin shoka. An yi su ne su riƙa lanƙwasa a kan dutse, to da tirela ta danne sai gindin ya zauna, gaban ya ɗaga, motar ta karkace gefe ɗaya saboda murɗawar farfela. Dole ka cire shoka ka sa sandar ƙarfe. In kana da ɗaya a gida, fara da ita. In saya za ka yi, dakata.

Ni dai Clod Buster ce tawa, kuma ba na ɓoyewa. Kamfanin Tamiya na Japan ya fito da ita a 1987, ya sake fito da ita a 2004 da sunan Super Clod Buster, har yau kuma ana samun kayan gyaranta. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya raba ta da sauran shi ne inji biyu gare ta, kowanne a maƙale a jikin aksil ɗinsa tare da giyarsa. Babu farfela, babu akwatin giya a tsakiya, babu abin da zai murɗe ya karye tsakanin inji da taya. Nauyin injinan yana can ƙasa daidai kan tayoyi, inda ake bukatarsa. Tayoyin nan kuwa manya ne masu faɗi, zanensu irin na tarakta. A jar ƙasarmu da aka yayyafa wa ruwa aka daddaɓe, kama ƙasa suke kamar an liƙa.

A wargaje take zuwa cikin kwali, kai za ka haɗa, kuma babu rimot, babu batir, babu sabo, wato servo, ɗan injin da ke juya sitiyari. Wasu suna ganin wannan aibi ne. Ni a wurina nan daɗin yake, domin wanda ya ɗaure kowane noti da hannunsa ba ya neman makaniki ranar da wani abu ya yi ƙara. Duk wanda ya taɓa zama da kara da ƙaya ko langa-langa yana ƙera mota yana yaro, hannunsa zai tuna.

Tana da nata lalurar, ba zan rufe ba. Shasinta roba ce, sitiyarinta kuma sabo ɗaya ne a tsakiya yake tura dogayen sanduna zuwa gaba da baya, sai ka ga tana tafiya tana rangaji. Maganin ba shi da tsada. Kulle sitiyarin baya gaba ɗaya, ka mayar da sabo kan aksil na gaba. Shasin kuma, aksil biyun nan kawai kake bukata, sauran a gida za a yi. Na ɗauki zanena a takardar kwali na kai wa wani mai haɗa tagogin alminiyom a Sabon Gari. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Yallaɓai, wannan tagar wane irin gida ce?" Da na yi masa bayani, sai ya ajiye aikin da ke gabansa, ya zaro guntaye biyu daga tarin ragowa, ya yanke, ya huda, ya ƙi karɓar kuɗin aiki sai na ƙarfe, da sharaɗin zan kira shi ya ga ranar da za ta ja. Shasin da ya yi ya fi na asali tsawo, ga wurin rataya dalma a can gaban tayoyin gaba. Wannan nauyin na gaba shi ke hana ta ɗaga kai sama. Ƙugiyar ja kuma, in ta yi sama tana ƙara danna tayoyin baya amma tana ɗaga gaba, in ta yi ƙasa tayoyi su yi ta sulɓi. Ku tsayar da tsayinta da iyakar nauyin mota tun kafin a fara, in ba haka ba musu ne zai cinye yammar.

Abu biyu kada ka bari sai daga baya. Sa boris a maimakon bushin ɗin da ke cikin kwalin tun ranar haɗawa, kuma ka toshe giyar da ke raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama da gam mai ƙarfi irin na haɗi biyu, don kada taya ɗaya ta yi ta juyawa a banza ɗayar na tsaye.

Batun inji. Na cikin kwalin, mai lamba 540, ya isa mafari. Ƙa'idar ita ce, yawan naɗin waya a cikinsa, yawan ƙarfi da ƙarancin gudu. Na asali naɗi 27 ne. Masu hawan dutse suna sa 45 ko 55, amma a ganina wannan ya yi sanyi, domin kana bukatar ɗan zafin tashi da zai kai ka tsakiyar fili kafin akwatin ya danne. Tsakanin 27 da 35 nake zama. Ka kula, a wannan motar inji ɗaya baya-baya yake juyawa, don haka ka nemi waɗanda ƙarfinsu ɗaya ne gaba da baya, in ba haka ba aksil ɗaya zai riƙa jan ɗan'uwansa. Injin da ba shi da burushi ya fi ƙarfi, gaskiya ne, amma biyu za ka saya da na'urar sarrafa su biyu, kuma marar sansa, wato 'yar na'urar da ke lura da juyin inji, yana kakkafewa wajen tashi da kaya. Bar shi sai ka ƙware. Na'urar sarrafa gudu, wadda ake kira ESC, akwai Hobbywing QuicRun 880 da aka yi musamman don inji biyu masu burushi.

To, a nan gizo ke saƙar. Duk abin da na faɗa a sama, in ka yi kuskure kuɗi kawai za ka yi asara. Kayan wuta kuwa gida suke ci.

Shekarar da na fara, na ga wani yana tallan batirin LiPo, irin na lithium da ake sa wa motocin rimot, a intanet, hoto fes, an rubuta 5200mAh, farashi kusan rabin na kowa. Muka yi magana, bakinsa kamar zuma: "Haba Alhaji, ai ni ba na sayar da kayan banza." Na tura kuɗi, aka sa a mota, na je tasha na karɓa. Tun da na ɗaga na ji ba nauyi, amma son araha ya rufe min ido. Ja biyu ya yi ya mutu. A caji na uku, cikin zafin watan Afrilu, ina falo sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce. Na tarar ya kumbura kamar burodi, robar jikinsa ta tsage, kan katifa kuma na ajiye shi. Da filaya na ɗauke shi na jefa tsakar gida, ko minti biyu ba a yi ba ya tashi da wuta. Uwargida ba ta ce min uffan ba sai washegari, abin da ta faɗa kuma ba na rubutawa ba ne. Lambar mutumin tun daga ranar ba ta sake shiga ba.

Saboda haka yanzu da sikeli nake sayen batir. Na gaske mai sel biyu, wato bolt 7.4, mai ɗaukar 5000mAh, nauyinsa na kaiwa wajen giram 250 zuwa 300. In ka ɗora ka ga bai kama ƙafar haka ba, rubutun jikinsa ƙarya ne. Lambar C, mai nuna yawan wutar da batir zai iya fitarwa a lokaci guda, da suke bugawa da manyan baƙaƙe, 100C, 120C, kada ta ruɗe ka, ko a wurin masu gaskiya akwai ƙari a ciki. Sa mitar auna wuta a kan kowane sel kafin ka biya: su zo daidai da juna, wajen bolt 3.8, wanda shi ne ma'aunin ajiya. Cikarsa 4.2, kuma kada ka bari ya sauka ƙasa da 3.0. Wanda aka kawo maka sel ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, ya daɗe a kwance ko an taɓa amfani da shi. Ka kuma sani masu jigilar kaya ta jirgin sama da yawa ba sa ɗaukar irin wannan batir, shi ya sa yake wuya a nan, shi ya sa kuma 'yan damfara suka samu ƙofa.

Masu cewa za su haɗa maka da sel 18650, tambaye su daga ina. Na gaske mai ɗaukar wuta da yawa wajen 3500mAh yake, nauyinsa kusan giram 45. Duk wanda ka ga an rubuta 9900mAh a jikinsa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Waɗanda ake ɓarewa daga tsohon batirin laftof a wajen masu gyara na PZ na gaske ne, amma ba a yi su don zuƙa mai yawa ba, tocila suka dace da ita. In har tsoron LiPo ya kama ka, NiMH mai bolt 7.2 ba ya tashin gobara irin wannan, nauyinsa ma riba ne a wasanmu, sai dai ƙarfinsa na saurin sanyi.

Caja ma haka. iMAX B6 ta kamfanin SkyRC tana cikin kayan da aka fi buga jabunsu a wannan harkar, kwali iri ɗaya, launi iri ɗaya. Ta jabu tana iya nuna maka 4.2 alhali ta zarce, kuma zarcewar nan ita ke kumbura batir. Gwada abin da ta nuna da mitarka. ESC na jabu yakan zo da siraran wayoyi, in ka kankare ka ga fari maimakon jan ƙarfe tsantsa, ga rubutu yana gogewa da yatsa. Sabo mai lamba MG996R da ake cewa haƙoransa duk ƙarfe ne, kwance noti huɗun nan ka leƙa, sau da yawa za ka tarar da na roba a ɓoye a ƙasa. Mai kayan da ya hana ka buɗewa ya riga ya ba ka amsa. Ita kanta Clod Buster ta hannu, kada ka yarda da hoto. A yi maka bidiyo ana juya kowace taya da hannu kana jin ƙarar giya, a nuna maka ƙasan aksil inda yake tsagewa, a rubuta sunanka a takarda a ajiye kusa da ita, domin hoton motar wani a Turai ba wuyar saukewa gare shi ba.

Farar fulogin nan ta roba da ke zuwa da tsofaffin batura, yanke ta ka sa XT60, kowane mai gyaran rediyo zai liƙa maka da dalma cikin minti biyar. Rimot kuwa kowane mai 2.4GHz ya wadatar, FlySky mai araha ma ya isa, tunda tafiyar mita 9 ce a miƙe.

Caji kuma a tsakar gida nake yi yanzu, a inuwa, cikin tsohuwar tukunyar ƙasa da na zuba wa yashi har rabi, ina zaune a kusa. In an ɗauke wuta a tsakiya, sai in zare batirin daga caja kafin a dawo da ita.