Kula da Linux: Hannun Al'umma ko Hannun Kamfani?

Debian, ɗaya daga cikin tsarukan sarrafa kwamfuta na Linux, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, masu aikin sa kai ne ke ɗauke da nauyinta, kuma ba sa sakin sabon zubi sai sun tabbatar ya nuna, ko da masu jira sun ƙosa. Na fi natsuwa da wannan jinkirin, duk da cewa idan mai kula da wata manhaja ya gaji, gyara yakan daɗe bai zo ba. Kamfani kuwa yana biyan injiniyoyi albashi, yana toshe kafar tsaro da wuri, amma riba ce ke jan akalarsa. A Disamba 2020 aka sanar cewa tallafin CentOS 8, wani tsarin na Linux da ke ƙarƙashin kamfanin Red Hat, zai ƙare a 2021 maimakon 2029, ala tilas masu dogaro da ita suka bazama neman mafita.