Jitar Bes, Saunkad da Manhaja: Abin da Mai Kiɗan Jaz Zai Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

Yawancin masu shirin haɗa kayan ɗaukar bes a gida sukan fara da tambayar wace manhajar ɗaukar sauti ce ta fi, alhali ita ce ya kamata ta zo ƙarshe. A kiɗan jaz, bes ne ke riƙe da lokaci da tushen kowane amo, kuma sautinsa daga yatsa da tsirkiya da wuyan jita yake fitowa. Idan kuɗinka bai kai ka sayi komai mai kyau ba, zuba mafi yawansa a jitar da tsirkiyoyinta, saunkad, wato akwatin da ke shigar da sautin jita cikin kwamfuta, ya biyo baya, manhaja ta ɗauki abin da ya rage.

Sautin jaz na asali, irin na Paul Chambers da Ray Brown da Ron Carter, na babban bes ne wanda ake kaɗawa a tsaye. Tsawon tsirkiyarsa ya kai inci 41 zuwa 42, ɗaukarsa sai da mota, kuma katakonsa yana son danshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Wanda ke zaune inda hunturu ke busar da komai, kamar Kano ko Damagaram, ya sani cewa wanda aka sassaƙa daga katako guda yana iya tsagewa. Na falwud ya fi juriya kuma ya fi araha, ko da yake amonsa bai kai na wancan zurfi ba. Ga mafi yawan mutane dai, bes na lantarki ne mafita, kuma ba baƙo ba ne a jaz: tun farkon shekarun 1950 Monk Montgomery yake kaɗa shi a ƙungiyar Lionel Hampton.

A na lantarki, zaɓin ya fi tsayawa tsakanin zubi biyu na kamfanin Fender, waɗanda sauran kamfanoni ke kwaikwayo. Precision ya fito a 1951, ya samu fikof ɗinsa mai rabe biyu a 1957 (fikof shi ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya mai ɗauko amonta). Fikof ɗaya gare shi, sautinsa mai kauri ne a tsakiya, kuma ba ya ɗauko ƙugin wutar lantarki. Jazz Bass ya fito a 1960 da fikof biyu da siririn wuya, faɗinsa milimita 38 a can sama, inda na Precision ke kai 41 ko fiye. Sunan kada ya ruɗe ka, ba wai shi kaɗai ya dace da jaz ba. Idan aikinka bes mai tafiya ne, amo huɗu a kowace gaɓa a bayan fiyano da ganga, Precision da tsirkiya mai santsi ya fi kusa da amon babban bes. Idan kuwa kana son fitowa gaba ka yi solo, fikof ɗin baya na Jazz Bass yana ba da wannan siririn amo mai fitar da kowane bugu, wanda aka san Jaco Pastorius da shi. Matsalar Jazz Bass ɗaya ce: da zarar ka rage fikof ɗaya ka bar ɗayan, ƙugi zai shigo, domin sai dukkansu biyun suna buɗe daidai suke kashe ƙugin juna.

Wannan ƙugin ba ƙaramin abu ba ne. Wutar Najeriya da Nijar tana kan zagaye 50 a daƙiƙa, amon G na ƙasa a bes kuma yana kan zagaye 49. Duk wanda ya ce zai yanke ƙugin a manhaja bayan an gama ɗauka, to da G ɗinsa zai yanke. Gara a magance shi tun daga tushe: a liƙa takardar jan ƙarfe a ramin fikof, a yi amfani da gajeriyar waya mai kyau, a nisanci caja da fitila mai tsawo.

Tsirkiya huɗu ko biyar? Huɗu ta isa duk wani tsohon jaz. Ta biyar, wato B mai zagaye 31, tana da amfani ga mai kiɗan coci ko salon zamani irin na Richard Bona ɗan Kamaru, amma a jita mai araha takan yi laushi, amonta ya dusashe, ga kuma wahalar hana ta motsi lokacin da ake kaɗa sauran. Marar firet kuwa, wato wanda babu sandunan ƙarfen da ke raba amo a wuyansa, ka bar shi sai kunnenka ya ƙware, domin kuskuren milimita biyu a yatsa ana jin sa a rikodi.

A matakin kuɗi matsakaici, Squier Classic Vibe da Yamaha BB234 da Sire V3 duk sun cancanci a duba. Yamaha ya haɗa fikof irin na Precision da na Jazz a jiki ɗaya, abin da ya sa muke fifita shi ga mai sayen farko. Sire yana aiki da batir biyu masu ƙarfin bolt 9, yana kuma da makunnin da ke mai da shi marar batir, wanda zai cece ka ranar da batir ya mutu ana tsakiyar aiki.

Sunan kamfani dai ba ya hana wuya lanƙwasa, don haka ka gwada da hannunka, musamman in na hannu ne. Danne tsirkiyar E a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Ya kamata ta zama kusan milimita 0.3, kaurin katin kasuwanci. In ta yi yawa, nemi mai kaya ya juya ƙarfen cikin wuya da alanki, kwata ɗin zagaye kawai. In ya ƙi juyawa, ko ya riga ya kai ƙarshe, ajiye jitar komai arhar ta, domin gyaran yakan fi kuɗinta. Sai ka shafa hannu a gefen wuyan: bakin firet da ke karce tafi alama ce katakon ya bushe ya tsuke, kuma ana iya goge shi. Daga nan ka kaɗa tsirkiyar G daga firet na 5 zuwa na 7, ka saurari tsawon kowane amo. Jitoci da yawa masu zubin Fender suna da wurin da amo ke mutuwa da wuri a nan. Ɗan kaɗan ba laifi, amma wanda ya mutu nan take zai dame ka a kowace waƙa mai sanyi.

Tsirkiya ita ce canji mafi arha da ya fi tasiri. Mai kaushi tana da haske da ƙara, tana kuma fitar da ƙarar zamewar yatsa, sannan takan dusashe cikin 'yan watanni in hannu na gumi. Mai santsi tana ba da bugu mai nauyi da gajeren amo, tana yin shekaru ba a canza ba. La Bella mai santsi tana da tauri, tana jan wuya sosai, sai an sake saita shi bayan an ɗaura ta. Thomastik-Infeld ta fi laushi a yatsa, ta fi tsada kuma. A wuyan da ba shi da firet, mai kaushi tana cin katako sannu a hankali, shi ya sa Jaco ya shafe nasa da ifoksi, wani gam mai tauri.

Saunkad bai buƙatar dogon nazari. Abu biyu za ka tabbatar: yana da ramin kayan kiɗa mai juriyar kusan megaom 1, kuma yana da direbar ASIO ta kansa, wato ƙaramar manhajar da ke rage jinkirin sauti, in Windows kake amfani da ita. In ka cusa bes marar batir a ramin layi na yau da kullum, hasken sautin zai tafi. Focusrite Scarlett da Audient iD4 sun cika sharuɗɗan biyu. Behringer UMC202HD ma haka, amma ƙaninsa UMC22 ba shi da direbar kansa, kuma jinkirinsa zai ba ka wahala. Saita bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, a 128 kan 48,000, wanda ke ba da jinkirin kusan milisakan 3 a shiga da kuma a fita, ka ɗauka a bit 24, allurar ƙarfin sauti kada ta wuce -10. In kana jin tsiwa lokacin da janareta ke aiki, cire cajar kwamfutar ka ɗauka da batir.

Manhaja kuwa, sautin da suke ɗauka ɗaya ne, tsarin aiki ne ya bambanta. FL Studio da Ableton Live an gina su ne a kan maimaita gaɓoɓi, sun dace da mai haɗa kiɗa da madannai. Jaz kuwa ɗauka ce doguwa, minti shida ko bakwai a jere, lokaci yana ɗan miƙewa yana tsukewa, sai a ɗauka sau uku a zaɓi mafi kyau daga kowanne. A wannan aikin Reaper da Cubase da Logic Pro sun fi sauƙi. Reaper lasisinsa na ɗaiɗaikun mutane dala 60 ne, ana gwada shi kwana 60 kyauta, fayil ɗinsa ƙarami ne ƙwarai, kuma yana tafiya lafiya a tsohuwar kwamfuta. Lahaninsa shi ne kusan ba ya zuwa da kayan kiɗa na ciki. Logic Pro yana zuwa da fiyano da ganguna masu kyau, kusan dala 200, amma sai a na'urar Apple. Cubase ya yi fice wajen rubuta amo a takarda da daidaita sauye-sauyen lokaci. Mai FL Studio ya lura cewa ɗaukar sauti kai tsaye sai daga matakin Producer zuwa sama. Kafin ka sayi kowace, buɗe kwalin saunkad ɗinka, galibi akwai ƙaramar manhaja kyauta a ciki da za ta kai ka watanni.

Kowace ka zaɓa, kada ka bar ta ta jera maka bugun bes a kan layi. Lilon jaz yana cikin ɗan gabatar da bugu ko jinkirta shi, kuma maɓallin daidaitawa yana share wannan gaba ɗaya. Matse sauti ma, wato rage tazarar da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai rauni, a yi shi da sauƙi, uku bisa ɗaya, ragin desibel 3 zuwa 4, don tafiyar ta daidaita ba tare da bugun yatsa ya ɓace ba. Don atisaye, iReal Pro a waya yana kaɗa maka fiyano da ganga a kowane mataki da gudu, ka kashe bes ɗinsa ka shiga da naka. Sannan ka tanadi hedifon mai rufe kunne ruf, domin ƙananan sifikun tebur da yawa ba sa sauka ƙasa da zagaye 60, E ɗinka kuwa tana kan 41.