Feshin hana gilashin mota gumi da jakar tsotse danshi: abin da na gani bayan wata uku

Motata a waje take kwana, ba rumfa ba gareji. Tun da sanyi ya shigo tare da irin ruwan nan mai kwana yana yayyafi, kowace safiya labarin ɗaya ne. Yara uku su shiga baya da rigunan ruwa jiƙaƙƙu, ni in zauna a bayan sitiyari, kafin in gama ɗaura bel gilashin gaba ya yi fari fat. In sa tafin hannu in goge, in samu 'yar kafa daidai fuskata, in ja mota ina leƙe. Ranar da na kusa bankaɗe wani mai keke a mahaɗar hanya saboda gilashin gefe ya rufe ruf, ranar na sayo abu biyu: kwalbar feshin da ake shafa wa gilashi ta ciki, da jaka mai nauyin kilo ɗaya cike da ƙwayoyin silika. Wata uku ke nan ina amfani da su.

Kafin in zo kan kayan, ya kamata a san inda gumin yake fitowa, don ni ma da can ɗauka nake daga waje yake shigowa. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururin ruwa. A digiri 20, kubik mita ɗaya na iska zai iya riƙe kusan giram 17 na ruwa. A digiri 10 bai wuce giram 9 da ɗoriya ba, a sifili kuwa ko giram 5 bai cika ba. To numfashinmu cike yake da danshi, ga tufafi da takalma da lema jiƙaƙƙu. Da zarar wannan iskar ta taɓa gilashin da ya kwana cikin sanyi, sai ta sauke abin da ya fi ƙarfinta a kansa, ɗigo-ɗigo ƙanana. Ɗigon ne ke warwatsa haske har ka ga fari.

Feshin ba ya hana ruwan sauka. Abin da yake yi shi ne hana shi dunƙulewa, kamar yadda sabulu ke yi, sai ruwan ya baje ya zama siririn shimfiɗa da ido ke iya ratsawa. Shi ya sa wasu ke shafa kumfar aski su ce ta yi musu aiki, hanyar ɗaya ce.

Shafawar farko ɓarna na yi, kuma laifina ne. Da yamma na tsaya na fesa shi kai tsaye a gilashin da bai ga wanki ta ciki ba tun da na sayi motar, na kuma yi masa yawa, wai don ya fi kamawa. Gari na wayewa sai ga zane-zane ko'ina kamar katantanwa ta yi yawo a kai. Takardar kwalbar ta faɗa ƙarara cewa a wanke gilashi tukuna, a zuba kaɗan a kyalle, a shafa, a bari ya bushe, ni ne ban karanta ba. Da na dawo na wanke gilashin sau biyu da kyalle mai laushi, abin da ya fito ya ba ni kunya. Kyallen ya koma ruwan toka mai maiƙo. Wannan dauɗar haɗin gambiza ce: maiƙon hannun da nake gogewa da shi kullum, ƙura, da wani hayaƙi-hayaƙi da robar dashbod ke fitarwa idan rana ta dake ta. Ita ce ke ba ɗigon ruwa wurin kamawa.

A karo na biyu na yi dabara. Ɓangaren direba na shafa masa feshi, ɓangaren fasinja na bar shi da wanki kawai, don in ga bambanci da idona. Bambancin akwai shi. Da safe, ni kaɗai a mota, ɓangarena yana nan garau yayin da ɗayan ya fara dusashewa. Sai dai abin da ban zata ba shi ne, ɓangaren da wanki kawai ya samu ma ya fi yadda yake a da nesa ba kusa ba: ya fi jinkirin rufewa, ya kuma fi saurin washewa idan iska ta busa shi. Wato rabin abin da zan yaba wa kwalbar, kyalle ne ya yi shi.

Idan muka cika mota mu huɗu, nan ƙarfin feshin ke ƙarewa. Shimfiɗar ruwan sai ta yi kauri, titi ya riƙa rawa kamar ana kallonsa ta cikin kwano da ruwa, can sai ka ga ya fara gangarowa layi-layi. Ana gani, ba kamar farin da ke rufe komai ba, amma ba ganin da hankali ke kwanciya da shi ba ne. Babbar damuwata kuwa da dare ce. Duk yadda na goge, fitilun motocin da ke tahowa sai sun yi wani kewayen haske a ɓangaren da na shafa, su dallare mini ido fiye da ɗaya ɓangaren. Mai yawan tuƙin dare ya yi tunani kafin ya sa shi a gilashin gaba. Ƙarkonsa a wurina kwana goma ne zuwa mako biyu, kuma ko sau ɗaya wani ya kai hannu ya goge, wurin ya tashi daga aiki. A gilashin ƙofa ma ba ya daɗewa, don robar bakin ƙofa tana share shi duk lokacin da aka sauke gilashi. Inda ya fi burge ni shi ne ƙananan gilasan gefe na baya waɗanda ba a saukewa, waɗanda iskar fanka ba ta kaiwa gare su.

Jakar silika wata aba ce daban. Irin ƙwayoyin nan ne da ake samu cikin 'yar takarda a kwalin sabon takalmi, sai dai an tara su da yawa. Silika tana iya shan ruwan da ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinta idan danshi ya yi yawa, amma a hankali take sha. Kada wani ya ɗora ta a dashbod yana tuƙi yana jiran ta share masa gilashi, ba za ta iya tsere da numfashin mutum huɗu ba. Aikinta na dare ne, mota a rufe, ta rage danshin da zai kwana ya sauka a gilashi kafin asuba. Tawa tana da 'yar alama da ke sauya launi idan ta ƙoshi, sai a busar da ita a makirowef kaɗan-kaɗan kamar yadda aka rubuta a jikinta. A yi hattara, da zafi rau take fitowa, na taɓa ƙona yatsa.

Mafi girman amfanin da ta yi mini ba shi aka rubuta a kwalinta ba. Kwana huɗu kacal alamar ta sauya. Na busar, na mayar, bayan kwana huɗu ta sake cika. Nan na gane akwai ruwan da ya fi na numfashi a motar. Na kai ta wurin bakanike, ya ɗaga kafet ɗin ɓangaren fasinja, ya danna soson da ke ƙasa, ruwa ya taso tsakanin yatsunsa. Magudanan da ke ƙarƙashin gilashin gaba ganye ya toshe su, ruwan sama yana taruwa yana bi ta hanyar shigar iska zuwa ciki. Filtar iskar ma ta jiƙe ta yi baƙi. Ya sa hanci ya shinshina, ya duba ruwan lagireto ko yana raguwa, ya ce na yi sa'a, don da ƙaramin lagireton hita ne ke yoyo, da za a ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kuma gumin gilashin zai zo da maiƙo, wannan kuwa babban aiki ne. Sannan ya nuna wani maɓalli da fitilarsa ke kunne, mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe.

"Maigida, wannan tun yaushe yake a kunne?"

Na ce tun shigowar sanyi, don mota ta fi saurin ɗumama.

Ya yi dariya ya ce, "To ai numfashinku kuke ta juyawa a ciki. Kun bar jaki kuna dukan taiki."

Haka esi, wato na'urar sanyaya mota, na kashe shi tun farkon sanyi, ina ganin ɓarnar mai ce. Ashe esi busar da iska yake yi kafin komai, ruwan nan da ke ɗiga a ƙarƙashin mota idan yana aiki daga cikin iskar yake tatso shi. Idan aka haɗa shi da hita, iska ta bushe sannan ta ɗumama, aka karkata ta kan gilashi, fanka tana busawa da ƙarfi, maɓallin juya iska a kashe, gilashina yana washewa kafin yara su gama rigimar wurin zama. Motoci da yawa ma da kansu suke tayar da esi idan ka danna maɓallin gilashin gaba. Iyakarsa ita ce idan sanyi ya kusa sifili, kwampreso, wato injin da ke tafiyar da esi, a motoci da dama ba ya tashi, a nan sai hita da sauke gilashin ƙofa kaɗan. Gilashin baya kuwa wayoyinsa na ɗumamawa sun ishe shi, ban taɓa sa masa feshi ba.

Bayan an buɗe magudanan, an sauya filta, kafet ya bushe, jakar tana kai mako uku kafin ta nemi busarwa, kuma safiya da yawa ina tarar da gilashi a bushe. Ita kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu, zan ƙara ta biyu in ajiye a but, inda lema da takalman yara ke kwana. Feshin na wanke shi daga gilashin gaba gaba ɗaya saboda tuƙin dare. Sauran rabin kwalbar yana aljihun ƙofa tare da kyalle, duk mako biyu ina bin ƙananan gilasan baya da shi, idan ya ƙare ban ga alamar zan sake saye ba.