Shagon da Baba ya ɗora ni a kai, da sensar da ta ci min kwana tara

Motata Corolla ce ƙirar 2005, irin wadda 'yan kasuwa ke kira 'yar Amurka, kuma shekara shida ke nan tana hannuna ba ta taɓa kwanar da ni a hanya ba. A watan jiya fitilar nan mai hoton inji ta kama a dashbod, mai kuma ya fara tafiya kamar tankin ya huje. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 babu mai zuba wa irin wannan ido. Na kai wa makanikena, ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ce sensar gaba ce ta mutu, wadda ke jikin bututun hayaƙi kafin a kai ga tukunyar nan da makanikai ke kira indomi. Ya ce ya je ya sayo ko ni zan je? Na ce zan je da kaina, ai ina da shago.

Abin da ya sa na faɗi haka da ƙarfin gwiwa, shagon na gado ne. Ba zan kama sunansa ba, a nan Kano yake, kuma har yau ina ganin girman mai shi. Tun ina firamare Baba ke riƙe hannuna mu je can, lokacin yana da Fijo 504. Alhajin da ke shagon yana da wani littafi mai kauri wanda bakin mai ya rine gefen shafukansa, amma da wuya ka ga ya buɗe shi, don abin da ke ciki yana kansa. In Baba ya ce ga abin da yake so, Alhaji ba ya miƙewa nan take. Sai ya tambaya tukuna: "Malam, GR ce ko SR? 'Yar Kaduna ce ko shigowa? Me take yi maka?" Wata rana Baba ya je da kuɗin kafireta cif, makanike ya ce sai an canza. Alhaji ya saurari yadda motar ke yi, ya ce, "Malam, mai da kuɗinka aljihu. Ka ce ya kwance ta ya wanke, ya hura ƙananan hanyoyin man. In ba ta daina ba ka dawo, kafireta ba gudu za ta yi ba." Ba mu koma don kafireta ba. Amma Baba bai sake sayen ko fulogi ɗaya a wani shago ba har ya sayar da motar.

Da wannan tunanin na shiga shagon. An faɗaɗa shi, an sa tayil, an sa gilashi da fanka, kaya har rufi, abin sha'awa. Alhaji ya manyanta, an ce sai jefi-jefi yake leƙowa. Yara uku na tarar, biyu sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna dariya. Na yi sallama sau biyu kafin ɗaya ya ɗago.

"Oga, me za a kawo?"

Na ce sensar hayaƙi ta Corolla 2005, ta gaba.

"Ka zo da samfur?"

Na ce tana jikin mota, da ita na zo. Ya shiga ciki, ya fito da kwali mai tambarin Denso, ya dire a kan kanta. Na ce, "Ɗan samari, ta gaba ce ko ta baya?" Ya juya kwalin, ya dubi ɗan'uwansa, ya ce, "Oga, duk ɗaya ne. Za ta shiga."

Wannan kalma ta "za ta shiga" ita ce ta zama ilimin kasuwar kayan mota a yau. Kuma gaskiyarsa, ta shiga. Haƙorin ɗaurinsu iri ɗaya ne, kowacce waya huɗu gare ta. Soket ne kawai ya ƙi zama, yaron makanike ya yanke na tsohuwar ya haɗa, ya naɗe da baƙin salatif, shi makaniken yana wani gefen yana fama da wata Golf. Aka goge fitila, na biya, na tafi. Washegari kafin in kai wurin aiki ta dawo, motar kuma ta ƙara da wani sabon salo, tana kakkarwa in na tsaya a danja.

Sai daga baya na fahimci abin da ya faru, kuma ba a shago na koya ba. Corolla daga 2003 zuwa 2008 jikinsu kusan ɗaya ne, injinsu ma sunansa ɗaya, 1ZZ-FE mai lita 1.8. Amma daga 2005 an canza abubuwa a ciki. Totur ya bar amfani da waya ya koma na lantarki, sensar gaba kuma ta koma wani nau'i da ke auna yawan iska da mai dalla-dalla, ba irin ta baya ba wadda ke cewa kawai mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In ka ɗaura ta baya a gurbin ta gaba, ƙwaƙwalwar motar tana karɓar saƙon da ba ta gane ba, sai ta riƙa ba da mai da ka. Wannan ba wani ɓoyayyen sirri ba ne, abu ne da duk mai sayar da kayan Toyota ya kamata ya sani kamar yadda mai hatsi ya san bambancin gero da maiwa.

Na koma da ita a rana ta uku. Nan na ga ɗaya fuskar shagon. Yaron da ya ba ni ya ce ba ya tuna ni. Na nuna rasit, wata 'yar takarda da aka rubuta "sensa 1" da kuɗi, babu lambar kaya, babu sunan mota. Babban cikinsu, wanda na fahimci ɗan gidan ne, ya ce kayan wuta in sun shiga mota ba a karɓa, balle an yanke waya. A kan yanke waya yana da hujja, ban musa ba, laifin garejinmu ne. Na ce to amma wa ya ce min duk ɗaya ne? Ya ce, "Alhaji, ai makanikenka ne ya kamata ya sani." Makanike kuwa da na koma cewa ya yi ai mai shago ne ya kamata ya sani. Ni da na fitar da kuɗin da ya kusa cika min tanki, ni ne ban san komai ba, kuma ni ne na biya.

Ina tsaye ana wannan magana wani bawan Allah ya shigo neman man giya. Aka miƙo masa galan, ya ce wannan ne na motata? Yaron ya ce, "Ja ne ai, man giya duk ja ne." Na kasa yin shiru. Irin tawa T-IV take sha, waɗanda suka biyo baya da yawa WS suke sha, masu giyar CVT kuma, wani nau'in giyar otomatik, nasu daban ne gaba ɗaya, kuma launi ba ya gaya maka komai. Giyar da aka zuba wa man da ba nata ba ba ta mutuwa ran nan, sai bayan watanni ta fara fizga, lokacin babu mai tuna galan ɗin da aka saya. Mutumin ya fita ya kira makanikensa a waya. Yaran suka bi ni da wani kallo, kamar na shigo raba su da abincinsu.

Ba na so in yi wa yaran nan rashin adalci, don aikin ya fi na zamanin Alhaji wuya nesa ba kusa ba. A lokacinsa motocin da ke kan titi ƙidayayyu ne. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta yi shekaru aru-aru ana yin ta a can, har bayan Faransa ta daina. Ga Bitil daga Legas, ga Steyr a Bauci, ga Marsandin Inugu, sai 'yan Datsun da Toyota. Mutum zai iya haddace kayansu duka. Yau fa? Corolla kaɗai akwai ta Amurka, ta Turai mai ƙaramin inji 1.4 ko 1.6, ta Dubai, kowacce da nata. Honda kuwa sai dai a kira ta da laƙabi, Hala, Henesi, Anakonda, kuma laƙabi ɗaya yana iya rufe shekaru huɗu ko biyar da inji iri biyu. Babu kan da zai ɗauke wannan.

Amma ai shi ya sa aka yi lamba. Kowace mota tana da lambar casis mai harafi da alƙalami 17, a irin tawa tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Na farko yana gaya maka ƙasar da aka haɗa ta: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin kasuwar Amurka na goma shi ne shekara, 5 na nufin 2005, A na nufin 2010. Kowane kayan Toyota kuma yana da lambarsa mai gurbi goma a jikinsa. Littafin da Alhaji ke ajiyewa a ƙarƙashin kanta yanzu yana cikin intanet, wayar da ke hannun yaron ma za ta buɗe shi. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Kayan aikin yana tafin hannunsa, amma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa aikinsa ne.

A da yaron shago yana shekaru a gaban maigida, yana share shago, yana jera kaya, yana jin tambayoyin da ake yi wa mai saye, kafin a bar shi ya taɓa kuɗi, daga ƙarshe a sallame shi da jari. 'Yan kasuwar Ibo da suka riƙe wannan sana'a daga Nnewi zuwa Ladipo a Legas da wannan tsarin suka ginu, namu ma na Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna haka suka taso. Yanzu maigida yana Legas ko Caina ko Dubai yana haɗo kaya, ya bar shago a hannun ɗan ƙanwa da ya gama sakandare bara, wanda zuciyarsa na kan yadda zai samu adaidaita ko ya fara sayar da waya. Ana ba shi ɗan abin da ya ɗora a kan farashi, don haka ribarsa tana cikin kaya su fita, ko su dace ko kada su dace.

Mu masu saye ma da namu. Da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, tambayar farko da muke yi ta koma "babu na ƙasa da shi?" Sai kasuwa ta amsa mana da kwali ɗaya, farashi uku. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar min da rariya a ce ƙwarya ce. Alhaji yakan ajiye biyu a gabanka ya ce wannan orijinal ne, wannan ɗan Taiwan ne, zai yi maka wata shida, zaɓi ya rage naka. Yaran yanzu ko dai ba su san wanne ne jabu ba, ko sun sani sun yi gum. Ban san wanne ya fi muni ba idan abin da ake saye na birki ne. Ga kuma kason makanike da ake ɗorawa a ɓoye, wanda kowa ya sani kowa ya kau da kai, wannan maganar wata rana ce.

A rana ta tara wani abokin aikina ya kai ni wurin wani mai kayan Beljiyam, rumfa ce ta kwano da ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, ko allon suna babu. Mutumin zai yi shekara hamsin, hannunsa baƙi ƙirin da giris. Kafin in gama bayani ya ce, "Yallaɓai, ina motar?" Ya fita da kansa, ya sunkuya a gilashi ya karanta lambar, ya ce, "'Yar Kanada ce, 2005. Buɗe min bonet." Ya duba totur, ya ga wayar da aka naɗe da salatif, ya girgiza kai bai ce komai ba. Ya koma ya zazzage wani buhu, ya zaɓo guda biyu, ya ɗauko mita ya ɗora a kan wayoyin hita, wato abin da ke ɗumama sensar daga ciki. Ta farko ba ta nuna komai ba, ya jefa ta gefe. Ta biyu ta nuna ƙasa da 4. Ya ce in kawo wadda aka sayar min, ya auna, ta haura 10. "Ka gani? Wannan ta baya ce. Ba ta lalace ba, ajiye ta, wata rana za ka nema." Ya haɗa min da soket ɗinta, ya ce in gwada kwana bakwai, in fitila ta dawo in kawo masa ya canza, da sharaɗin kada kowa ya sa mata reza.

Tsohuwa ce, daga jikin wata motar aka ciro ta, kuma kuɗinta ya ɗan ɗara na sabuwar da ke cikin kwali. Yau sati uku fitila ba ta dawo ba, mai ya koma yadda na san shi.

Shagon Alhaji dai har yanzu ya fi kowa kaya a layinsu, farashinsu ba na zalunci ba ne, wurin a tsaftace, kuma suna karɓar tiransifa ba tare da ɓata lokaci ba. Wanda ya riga ya san lambar abin da yake nema, ya rubuto ta a takarda, ya tsaya ya gwada ta da ta jikin kayan kafin ya biya, zai iya zuwa. Wanda kuma yake neman a ba shi shawara, ko yake aiken yaro ko direba, ban ba shi goyon baya ba. Filtar mai da ruwan batir zan iya ci gaba da saye a can in hanya ta biyo da ni. Na so in je gida in gaida Alhaji in ba shi labarin, sai na tuna shekarunsa na fasa. Sensar baya tana nan cikin kwalinta a but, kusa da safaya.