Wata huɗu da cok mara makulli a shagon walda

Yaran shagona ne suka sa na saye shi. Makullin cok ɗin injin hujina, wato kan da ke riƙe bit, ƙarfen da ke huda, sau uku yana ɓata a wata guda. Na ɗaure shi da roba a jikin waya, suka tsinke. Ranar da na kama ƙaraminsu ya cusa ƙusa a ramin cok yana bugawa da guduma, na ce to an zo wurin. Na tashi daga Pantami na shiga babbar kasuwar Gombe, na ɗauko mara makulli mai cin bit har milimita 13.

Mai shagon bai gaya mini komai kan yadda ake cire tsohon ba. Idan ka buɗe haƙoran cok guda uku masu kama bit, can ƙasa akwai ɗan sukuru, kuma zarensa a juye yake, ta dama ake kwance shi. Ni kuwa ta hagu nake ta murɗawa, ashe ƙara ɗaure shi nake, saura kaɗan kansa ya cinye. Ka kuma tafi da injinka kasuwa, domin bakin da ake ɗaura cok a kai, na wani injin rabin inci ne, na wani bai kai ba.

A katako da filawud da alminiyon, wallahi ban da ta cewa. Kana kan tsani, hannu ɗaya riƙe da taga, ka murɗa, ka sauya bit, ka ci gaba. Ba neman makulli a aljihu, ba kiran yaro.

Sai aikin get ya zo mana a Tumfure, ƙarfe mai kaurin milimita 6, bit mai 12. Yana shiga lafiya, amma daidai inda zai ɓulla ta ƙasa sai bit ya cije, cok ya ci gaba da juyawa a kansa yana ƙara kamar ƙyauren da ya shekara ba mai. Na ciro, gindin bit ya yi zobe-zobe. Na ɗaure har tafin hannuna ya yi ja, a rami na huɗu ya sake. Ƙarfin hannu ba zai kamo na makulli ba, musamman in ka bi ramukan ukun ka ɗaure kowanne kamar yadda ogana ya koya mini. Tun 1902 wani Ba'amurke, Arthur Jacobs, ya yi rajistar wannan fasali na cok mai makulli, kuma har yau shi ne a kan injin huji na tebur, akwai dalili.

A kankare abin ya fi muni. Da ka sa injin a bugun guduma, girgiza ke sassauta shi. Ƙurar siminti ta haɗu da ta hunturu, haƙoran suka fara maƙalewa, sai na busa na ɗiga mai. Wani abokina mai wayarin ya gan ni ina fama da lintal, ya yi dariya, ya miƙo nasa injin mai SDS, wani irin cok na hujin kankare. Wannan ba a ɗaure shi ma. Gindin bit ɗin milimita 10 ne mai kwarmi, ka tura ka ji ƙas, shi ke nan. Yana zamewa gaba da baya, shi ya sa bugun ke sauka kan kankare kai tsaye. Bosch ne suka fito da tsarin a 1975. Ramin da na yi minti biyar ina gumi a kai, kafin in sha ruwa ya gama. Illarsa ɗaya, bit na yau da kullum ba ya shiga sai da adafta, kuma da adaftar yana ɗan rawa, ramin ba ya fita tsaf.

Mara makullin bai lalace ba, na mayar da shi kan ƙaramin injin batir, can ne gidansa. Babban injin na sayo masa mai makulli, na walda makullin da sarƙa, na kafe sarƙar a jikin benci. Jiya yaron ya zo yana cewa, “Oga, sarƙar ba ta kai bakin ƙofa.”