Mutanen Garwa, ku yi hattara da mai "bashi babu kuɗin ruwa"

Sefa dubu 245 mutumin nan ya kwashe mana. Dubu 35 nawa ne, dubu 210 na mata shida 'yan adashinmu da suka biyo ni don sun yarda da ni. Dubu 245! Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake sayarwa a babbar kasuwa, duk wadda ta taɓa yini gaban kaskon suya ta san zufar da ke cikin dubu 35.

Kuma kada kowa ya zo min nan da maganar kwaɗayi. Ba kyauta ya ce zai ba mu ba. Cewa ya yi, "Hajiya, bashi ne, za ku biya, sai dai babu kuɗin ruwa." Dubu 300 kowace mace, a biya kaɗan-kaɗan. Ya ba mu labarin Muhammad Yunus na Bangaladash da bankinsa Grameen mai ba matan karkara rance ba jingina, har ya ci kyautar Nobel a 2006. Ya kawo zancen Kiva ta Amurka, inda mutum ke ba da rancen dala 25 ta intanet ga mai ƙaramar sana'a, wai su ma irin wannan kuɗin suke rabawa. Na sa ɗana ya duba a waya, Yunus gaskiya ne, Kiva gaskiya ce. To ta ina zan gane?

Abin da ya hana ni barci shi ne ranar da na miƙa masa kuɗin dosiye, wato na buɗe fayil ɗin neman bashin, dubu 10, ƙulle a bakin zanina. Ya janye hannunsa. "A'a Hajiya, ba ma karɓa a hannu, ki tura ta waya don a samu shaida." Ku faɗa min, ɓarawo ne ke ƙin kuɗi a hannu? Ya janye hannunsa fa, ina kallo. Nan na saki jiki, nan na kira sauran matan.

Kafin wannan ma, ai sai da na je ofis ɗinsu wajen Rumde Ajiya. Tebur, kujeru, hatimi, wata yarinya na danna kwamfuta. Ko bayan dosiyen ne na je? Kaina ya ɗaure. Sai garanti dubu 25, wai za a mayar mana ranar da bashi ya fito. Dubu 10 da dubu 25, dubu 35 ke nan, sau bakwai. Litinin za a biya, aka ce Juma'a, aka ce kuɗin sun maƙale a Yawunde. Da ya nemi ƙarin dubu 5 na tambur, ni ce na ce a dakata, a shaida min wannan. Yanzu wayarsa a kashe, ofis da kwaɗo, mai gidan ya ce hayar wata ɗaya kawai aka biya shi.

A cikin matan akwai wadda mijinta ya rasu, akuyarta ta sayar ta cika garanti. Ta ce min, "Yaya, ba komai, haka Allah ya so." Da ma zagina ta yi.

Sai a wurin jandarma na ji cewa duk mai ba da ƙaramin rance a Kamaru dole ya samu izinin ma'aikatar kuɗi da amincewar COBAC, hukumar da ke sa ido kan bankuna a ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Ku nemi takardar. Wanda ya ce ku biya kafin ya ba ku bashi, ku kore shi.

Hotunan hirarmu ta WhatsApp da saƙonnin tura kuɗin duk suna nan, ɗana zai ɗora su da dare. An ce an gan shi a kasuwar garin Fitowa, kusa da Garwa, ranar Lahadi da jakar takardunsa. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.